Ƙafa a Kan Libar Giya

Rana ta yi ja lokacin da Gajere ya ɗaure noti na ƙarshe. Ya goge hannu da tsumma, ya ce wa yayansa zai fita ya gwada babur ɗin, ya dawo kafin duhu.

Gajere bakanike ne, a wata rumfar kwano yake gyaran babura, can ƙarshen layin masu walda. Babur ɗin na Yaya ne, ƙato, baƙi, mai nauyi, da shi yake kai magunguna shagunan ƙauyuka. Tun da Yaya ya faɗo daga tsani gwiwarsa ta hagu ta ƙi lanƙwasuwa. Matakin babur kuwa a ƙarƙashin mutum yake, sai an naɗe ƙafa kafin a taka giya. Sai babur ya zauna a tsakar gida, aiki ya tsaya, gida mai yara ya shiga ƙunci. Yaya bai taɓa yin ƙorafi ba, amma Gajere ya ga yadda wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Shi ya sa ya yi tunanin mayar da matakan gaba, tare da libar giya da ta birki, yadda mutum zai miƙe ƙafafunsa kamar wanda ke kishingiɗe a kujera. A wurin mai gwangwan, mai sayar da tsofaffin ƙarafa, ya samo su. Farare ne fat, suna ƙyalli a cikin tarin ƙarafa masu tsatsa. Mai gwangwan bai ko taɓa su ba, da haɓa ya nuna su. Ya ce daga jikin wani babur da ya ƙone ƙurmus aka ciro su, su kaɗai ne wuta ba ta dusashe ba. Da Gajere ya tambayi labarin mai babur ɗin, sai mutumin ya juya yana tsince-tsince, ya ce ai ba a samu kowa a kansa ba.

Ɗaura su bai yi wuya ba. Giyar ce ta ƙi. Rodin da ya haɗa libar gaba da ɗan hannun giyar da ke jikin inji ya yi tsawo fiye da ƙima, yana lilo. In an taka sai giya ta shiga rabi, ko ta zame ta faɗa firi, wato ba giya, tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Irin wannan a kan gangara kisa ne. Yaya da ke zaune a benci da sandarsa ya yi dariya, ya ce wanda aka yi wa wannan rodi raƙumin dawa ne, ba irinsu ba da Allah ya yi kusa da ƙasa.

Gajere ya auna ƙafar Yaya, ya ja da matakan baya kaɗan, ya matse rodin ya sa zarto. Ƙarfen bai yi kukan da ya saba ji ba. Wani nishi yake yi, ƙasa-ƙasa, garinsa kuma yana warin ƙonannen gashi. Ya tofar da yawu ya ci gaba. Ya yanke abin da ya kai tsawon tafin hannu, ya fitar da sabon zare, ya sa sabon bushin ya cika shi da giris, ya juya ɗan hannun giyar da haƙori ɗaya har ya daidaita da libar. Fin ɗin da ke riƙe bakin rodin ne ya ɓace masa a cikin yashi, sai ya zura ƙusa ya lanƙwasa bakinta, da niyyar ya sayo sabo da safe. Ya taka da hannu. Ƙas. Ƙas. Giya ta shiga sumul.

"Ƙanena, bar shi sai gobe mana," in ji Yaya.

Gajere ya ce ba zai bari Yaya ya hau abin da shi bai gwada ba.

Akwai wata tsohuwar kwalta a bayan gari da ta miƙe sambal zuwa ramin da ake fasa dutse a da. An daɗe da barin wurin, ruwa ya cika ramin, ba mai bin hanyar. Nan yake gwajin babura kullum. Ya wuce gidajen ƙarshe, ya wuce juji, hayaniyar gari ta koma baya. Ciyawa ta yi tsayi hagu da dama. Gyare sun fara kuka, kwaɗi suna amsawa daga kwata.

Ta ɗaya. Ta biyu. Ta uku. Ya sauko da giyar, ya sake hawa da ita. Ko sau ɗaya ba ta zame ba. Ya yi murmushi shi kaɗai, yana hango fuskar Yaya. Ya rage totur, zai juya.

Sai kwaɗin suka yi tsit. Gyaren ma haka.

Bayan babur ɗin ya lotsa a hankali, kamar wani ya zauna. Fitila ta ɗaga sama, ta bar kwalta tana haska saman ciyayi.

Warin ƙonannen gashi ya dawo. Wannan karon a bayan wuyansa yake.

Ƙas.

Giya ta hau ta huɗu. Ƙafarsa ba ta motsa ba.

Ya ce a ransa rodin ne, wataƙila wani abu ya taɓa shi. Ya ɗora yatsun ƙafa zai danna ta sauko. Wani abu mai sanyi ya zamo ta kan ƙafar tasa, ya danne ta a jikin matakin. Sanyin ya ratsa takalmin, ya shiga ƙashi.

Ya kalli ƙasa.

Ƙafa ce. Ba takalmi. Siririya, mai launin toka, ta rufe tasa ta wuce, ta ninka ta tsawo. Yatsunta sun lanƙwashe a ƙarƙashin libar.

Ƙas. Ta biyar.

Totur ya murɗa kansa a cikin tafinsa. Iska ta fara dukan idonsa. Ya matse kuloci, ya ji shi sakwaf kamar an tsinke waya. Ya matse birkin hannu, shi ma haka. Ya taka na ƙafa da ƙafar dama, ya ji shi kamar an yi masa walda. Ya murɗe makulli ya zare, ya jefar. Injin bai ko yi tari ba.

Ya buɗe baki zai nemi tsari, harshen ya manne a ganda.

A gefen idonsa ya ga wasu abubuwa biyu suna tasowa, ɗaya hagu ɗaya dama, sun wuce kafaɗunsa, sun kai kunnuwansa. Gwiwoyi ne. A naɗe suke, suna ƙara kamar busasshen itace.

"Wa ya gajarta mini?"

Muryar ba ta fi numfashi ba, amma duk da ƙugin inji ya ji ta sarai.

"Ban san naka ba ne," in ji Gajere. Shi kansa da ƙyar ya ji muryarsa.

"Ƙafata ba ta miƙewa."

"Zan mayar maka. Gobe zan mayar."

Kwalta tana gudu a ƙarƙashinsa.

"To a miƙe taka."

Yatsun suka saki libar, suka kama ƙafarsa, suka ja. Idon sawu ya yi ƙara. Gwiwa ta amsa. Zafin ya hau har ƙugunsa, ya ji kamar ana zare masa jijiya.

Can gaba ya hango gangunan da aka tare bakin ramin da su. Bayansu baƙi ne kawai.

Ya tuna da ƙusar.

Ya saki hannun hagu, ya kwanta a kan tanki, ya zura hannun ƙasa. Ya shafi wani abu mai sanyi da laushi, ya kauce. Ya shafi inji, fatarsa ta yi cuuu. Ya lalubo bakin rodin. Ƙusar tana nan. Ya sa farce ya miƙe bakinta. Farcen ya tsage. Ya fizga.

Rodin ya faɗi, yana jan kwalta, tartsatsi na tashi.

Abin da ke bayansa ya ja wani dogon numfashi.

Gajere ya damƙi ɗan hannun giyar da tafinsa, ya danna da duk ƙarfinsa. Ta huɗu. Injin ya yi ihu. Ya sake dannawa. Ta uku. Haƙoran giya suka yi ƙara kamar za su zube.

Gangunan sun iso.

Ya danna. Ya ƙara dannawa.

Tayar baya ta cije. Babur ya juya gefe, ya kwanta. Ƙafarsa ta kuɓuce, takalmin ya tafi. Ya ji kwalta tana cin kafaɗarsa, sannan tsakuwa, sannan ganga ta tare shi a haƙarƙari.

Babur ɗin ya wuce ta tsakanin ganguna, ya faɗa.

Gajere ya kwanta yana jiran ƙarar ruwa.

Ba ta zo ba.

Daga can ƙasa, cikin baƙin ramin, ya ji inji yana tafiya lafiya lau. Ƙas. Ƙas. Giya tana hawa sumul, sautin yana nisa, har ya ɓace. Sai kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Wani mai walda ne ya tsince shi. Da duhu ya rufa Yaya ya ƙi tashi daga bencin, ya yi ta roƙo har mutumin ya kunna motarsa suka bi hanyar. Sun same shi yana jan ciki a tsakiyar kwalta, ya juya wa ramin baya. Yaya ya jefar da sanda, ya zube ƙasa da ƙafarsa a miƙe, ya rungume kansa. Bai tambayi babur ba, a ranar ko bayanta.

A asibiti aka ɗaure haƙarƙari da tafin da ya ƙone. Likita ya daɗe yana duban ƙafar hagu. Ba karaya, ba targaɗe, sai dai sanyi kamar an ciro ta daga rijiya. Ya ce jini ne ba ya zagayawa sosai, zai daidaita.

Masu ninƙaya sun shiga ramin, ba su ga ko madubi ba. Mai gwangwan kuwa ya ce shi bai taɓa sayar wa kowa irin waɗannan matakan ba, kuma yana faɗa yana kallon ƙasa. Yaya ya koma zaman jiran shagon wani surukinsa. Gajere ya koma rumfarsa, yana gyara, amma ba ya hawa. In ya gama aiki mai babur ne zai gwada abinsa. Wanda duk ya zo da maganar mayar da mataki gaba, sai ya nuna masa rumfar gaba ba tare da ya ɗago ba.

Matar Gajere ce ta fara lura yana ɗingishi, kuma ba ta wajen da ya ji ciwo yake karkata ba. Ya ce mata takalmi ne yake matsa masa. Ya sayi wani, ba a jima ba shi ma ya matse. Na dama yana nan daidai.

Daga ƙarshe sai ya koma wurin wani tsoho mai ɗinkin takalmi, ana yi masa na hagu daban. Zuwansa na baya-bayan nan, tsohon ya ɗora ƙafar a kan kwalin da ya zana ta a wancan karon. Yatsun sun haura layin. Ya ɗago ya dubi Gajere, Gajere ya kau da kai yana kallon titi. Tsohon ya ajiye kwalin, ya shiga ciki ya ɗauko wani wanda ya fi shi girma.