Sunan Gwadabe a Allon Muhsina

Firinta ce ta haɗa su, wata firinta mai cin takarda kamar akuya.

A shekarun da aka fara shari'a a Zamfara, mata da yawa sun daina shiga shagunan maza don a buga musu takarda. Shi ya sa Alhaji Na'Allah, dillalin hatsi a Zurmi, ya gyara wa 'yarsa Muhsina wani ɗan ɗaki a jikin zaure, ya sa mata kwamfuta. Ranar da firintar ta ƙi aiki, sai aka aika Kaura Namoda aka kira Bilyaminu, saurayin da ke da shagon gyara kusa da tashar jirgin ƙasa.

Ya yi sallama ya shiga da jakarsa. Ta ɗago kai daga cikin hijabi mai ruwan toka ta ce, "Sannu da hanya, Injiniya." Shi ke nan, Bilyaminu ya manta da wace sukundireba ya zo nema. Gyaran da bai kai a sha shayi ba, sai da ya kai shi la'asar.

Da zai gwada aikinsa ya kunna kwamfutar. Maimakon ta wuce kai tsaye, sai ta tsaya a wani baƙin allo mai layi biyu, tana jiran a zaɓa. Layin ƙasa an rubuta Windows. Na sama kuwa an rubuta: Na Muhsina, aikin Gwadabe.

"Wane ne Gwadabe?" ya tambaya, kamar ba abin da ya dame shi.

"Wanda yah haɗa min ita ne, ɗan Shinkahi. Ka zaɓi na ƙasa."

Ya zaɓi na ƙasa, amma na saman ne ya bi shi har Kaura.

Bai daɗe ba ya nemi izinin zuwa zance. Alhaji ya ba shi, fuska ba yabo ba fallasa, don kowa a Zurmi ya san Gwadabe ɗan amininsa ne, kuma shi ya so wa 'yarsa. Muhsina ce ta ce ba ta yi, aka bar maganar. Lokacin wayar salula ta shigo, sai mutum ya nemi tudu kafin ya samu sabis, amma Bilyaminu bai taɓa ganin wahalar hawa ba.

Wani dare ya aika mata saƙo: "Tauraruwata, yau na gyara kwamfuta biyu, na ɓata ɗaya saboda tunaninki."

Ta amsa: "Injiniyana, to ka daina tunanina sai ka tashi aiki, kada a ce ni ka kashe maka kasuwa."

Soyayya ta yi daɗi, sai dai Bilyaminu na da ciwo ɗaya. Kishi gare shi, irin wanda ko ƙuda ya sauka a hijabinta sai ya bi shi da harara. Duk ranar da aka kunna kwamfutar nan a gabansa, sunan Gwadabe ne zai fara yi masa maraba. Ya so ya goge rubutun, amma layin sama na wani tsari ne da ake kira Linux, shi kuwa Windows kaɗai ya iya, kuma girman kai ba zai bar shi ya faɗa ba.

Wata Juma'a ya zo da wuri. Ta tagar ɗakin ya hango ta ta zaɓi layin sama, ta sa abin ji a kunne, tana murmushi tana share hawaye. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Mi ag ga layin wancan yaron?"

"Ajiyata ce," ta ce a hankali. "In lokaci ya yi za ni nuna maka."

"Ajiyar da ka sa mutum kuka da dariya lokaci guda?"

"Bilyaminu, don Allah."

Ya tafi da maganar a ransa. Da kwamfutar ta fara nauyi saboda bairos, cutar kwamfuta, sai ya ga dama ta samu. Ya ce a ba shi ita ya sabunta mata Windows. Ya sani sarai cewa duk wanda ya ɗora sabon Windows, allon zaɓin nan zai ɓace, don Windows nasa mabuɗin yake sawa a ƙofa. Wannan bai gaya mata ba.

Ya ɗaure ta a bayan mashin ya kai shagonsa. Ya sa faifai, shuɗin allo ya fito ya jera masa ɗakunan da aka raba ma'ajiyar kwamfutar. Ga ɗakin Windows, ga kuma wani ɗaki da aka rubuta ba a san ko na mene ne ba. Na Gwadabe ke nan. Maɓalli ɗaya zai danna ya share shi har abada.

Ya ɗora yatsa a kai. Ya tuna murmushinta na ranar Juma'a, ya ji kamar ya danna da ƙarfi har maɓallin ya karye. Sai kuma ya tuna hawayen. Ya daɗe a haka kafin ya janye hannu yana tsaki, ya ce a ransa ya isa a rufe ƙofar, ba sai an rushe ɗakin ba. Ya raba ɗakin Windows biyu yadda ya saba yi wa kowa, ya ɗora sabo, ya mayar mata da kayanta yana fara'a.

Ta kunna. Kwamfuta ta wuce fiu, ba allo, ba zaɓi, ba Gwadabe.

"Ina layin sama?"

"Ai shi ka sa ta nauyi. Yanzu ga ta kamar sabuwa."

Muhsina ta kashe ta sake kunnawa. Sannan ta juyo, idonta ya kaɗa.

"Muryar Innata ce a ciki."

Ashe mahaifiyarta, Hajiya Kubura, ta je aikin hajji ta kwanta rashin lafiya a can. Kafin ta rasu ta yi magana a kaset ta ba wata 'yar garinsu ta kawo gida. An saurari kaset ɗin har rediyo ya tauna shi, amma kafin nan Gwadabe ya kwafe muryar ya ajiye a ɓangaren Linux, inda bairos ba ya kaiwa. Babu ita a ko'ina a duniya sai nan.

Bilyaminu ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, da tsoro.

Alhaji Na'Allah da ya ji, bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ya ce, "Yaro, na ba ka wuri cikin zaurena, ka shiga ka taɓa abin da ba a taɓawa. Ɗauki na'urar ga. In muryar Kubura ba ta dawo ba, kai ma kada ka dawo."

A shago ya ari faifan Linux wurin wani ɗalibi, ya yi ta lalube har ya mayar da mabuɗin farko. Ya kunna da murna, sai baƙin allo ya rubuta masa Error 17 ya tsaya cak. Yanzu ba Linux, ba Windows ɗin ma. Ya aika mata saƙo:

"Tauraruwata, kishi ne ya sa ni, da gangan na rufe layin. Ban san abin da ke ciki ba. Ki yafe min."

Sai washegari amsa ta zo: "Da ka yi haƙuri da na gaya maka. Mutum guda ne ya san hanyar ɗakin nan, kuma ka san shi."

Ya karanta ya sake karantawa. Da ya sha maɗaci ya fi masa sauƙi. Amma da hantsi ya ɗaure kwamfuta a mashin ya kama hanyar Shinkafi.

Ya so a ce Gwadabe mummuna ne, ko gajere. Sai ya tarar da dogon saurayi mai fara'a, cikin shago mai tsabta kusa da kasuwar dabbobi, abin da ya ƙara masa haushi. Ya gaishe shi, ya faɗi sunansa.

"Kai ne Bilyaminun?" Gwadabe ya ce yana dariya. "Labarinka ya riga ka zowa. Zamna."

Bilyaminu ya faɗi duk abin da ya yi, bai rage komai ba. Gwadabe ya daina dariya. Ya sa nasa faifan, wanda ke tayar da kwamfuta ba tare da ya taɓa abin da ke cikinta ba, ya duba ɗakunan ɗaya bayan ɗaya.

"Da ka raba ɗakin Windows biyu, lambobin ɗakunan sun gusa. Mabuɗin da kam maida shina neman Linux a tsohuwar lamba, sai ya iske wani ɗaki da bai iya karantawa. Shi ne ma'anar goma sha bakwai ɗin nan." Ya nuna allo da yatsa. "Amma ɗakin na nan. Ka gan shi a shuɗin allo, ko?"

"Na gan shi."

"Ka san nawa ne, kab bar shi?"

"Saura kaɗan in share," in ji Bilyaminu, kansa a ƙasa.

Gwadabe ya sa na'urar ta binciki ɗakin, ta gyara 'yan wuraren da lalube-laluben Bilyaminu suka rikita, sannan ya nuna wa mabuɗin sabuwar lambar. Ya kashe ya kunna. Layi biyu suka dawo. Ya buɗe inda ake canja rubutun, ya turo wa Bilyaminu allon maɓallai.

"Ni ma kishin ne yas sa na rubuta sunana, don duk wanda yaz zo bayana ya gani. Sa naka."

Bilyaminu ya kalli wurin da ya daɗe yana mafarkin ganin sunansa. Ya goge layin, ya rubuta abin da zai rubuta. Kafin ya tashi sai da suka kwafe muryar a faifai, kuma bai yarda ya saurara ba, ya ce ba shi ya kamata ya fara ji ba.

A zauren Alhaji ya haɗa wayoyi, uba da 'ya na tsaye. Allo ya kawo. Layin sama ya ce: Inna Kubura.

Muhsina ta rufe baki da gefen hijabi. Ta danna, sai ga murya a hankali, da hayaniyar alhazai a bayanta, tana gaida maigida, tana ba da sallahun a kula da tumakinta. Can ta ce, "Muhsina ɗiyata, in ban dawo ba, Allah shi ba ki miji mai riƙe amana, wanda in ya ɓata zai gyara."

Alhaji ya juya wa mutane baya ya daɗe yana gyara hula. Da ya juyo ya ce, "Wa yag gyara?"

"Gwadabe ne, Baba. Ni na kai mishi."

"Da ƙahwarka?"

"Da ƙahwata."

Alhaji ya gyaɗa kai. "To. Ka ce wa manyanka su zo."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Na'Allah, mutanen Kaura da na Shinkafi suka cika layin, aka raba goro da alewa, aka yi ta addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Gwadabe ma ya zo cikin farar shadda. Ango ya rungume shi da zuciya ɗaya, duk da cewa a ganinsa shaddar ta yi kyau fiye da yadda ya kamata.

Da aka kai amarya Kaura, kwamfutar na cikin kayan ɗakinta. Juma'ar farko bayan an sauko masallaci ta zaɓi layin sama, ta cire abin ji daga kunnenta ɗaya ta sa masa.

"Inna," ta ce, "ga shi nan. Kishi gare shi, amma ya gyara."

Allah ya bar su tare, ya jiƙan Hajiya Kubura.