Karen da Aka Ba Jini Biyu

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, shekara biyu kafin yaƙi, Halliru ya ɗauki matarsa Hansatu da 'yarsu Wafa'a suka tsallaka kogi zuwa birnin Umdurman zaɓen kare. Sana'arsa gashin agashe, naman nan mai kama da tsire, a unguwar Kalakla, amma zuciyarsa tana wurin farauta. Tsohon karensa ya mutu, ga shi kwana shida da suka wuce ya harbi wata barewa a ƙafar baya ta hagu, rana ta yi ja, ta ɓace masa cikin duwatsu. Abin da ya samu kawai jininta a kan dutse, ya dangwale shi da ƙyalle ya sa a aljihu. Haka mafarauta suke gwada kare, a ba shi ƙyalle mai jini a ga ko hancinsa na aiki.

"Mai bin jini nake so," in ji shi a cikin mota, "amma wanda zai zauna da yarinya lafiya. Shi ya sa na zo da ku."

Hansatu ta ce to. Shekararsu huɗu da aure, to ɗin nan ita ce rabin maganarta.

Wajen sauka, wani ƙarfen kujera ya yanki Wafa'a a diddigen hagu. Yarinya 'yar shekara uku, ta tsala kuka. Halliru ya laluba aljihu, ya jawo ƙyallen barewar ya ɗaure mata ƙafa da shi. Hansatu ta ga haka, ta buɗe baki, ta ga maza cike da tasha, ta rufe.

Gidan mai karnukan yana bayan kasuwar dabbobi, inda gidaje suka ƙare. Warin kashin raƙuma, da hayaƙin bola. Wani dogon tsoho ne, Dogo ma ake kiransa, da farar jallabiya wadda ko ƙura ba ta taɓa ba. Ya nuna musu karnuka a ɗaure a gindin katanga.

Akwai wata 'yar karyar gida, ja, kunne ɗaya a yage, irin waɗanda ake kira baladi. Tana ganin Wafa'a ta hau kaɗa bindi, har tana birgima. Yarinyar ta manta da ciwo, ta yi dariya.

"Wannan ai ta bola ce, ya Hajj," Halliru ya ce. "Ina na gaske?"

Dogo ya kwanto wani daga inuwa. Sulugi ne, irin karen farautar nan, siriri, dogon baki, cikinsa a ɗame kamar an ɗaure da igiya, launin toka. Halliru ya kwance ƙyallen daga ƙafar 'yarsa ya miƙa masa. Karen ya shinshina sau ɗaya. Ya ɗaga kai ya dubi Dogo. Sannan ya taka a hankali zuwa wurin Wafa'a, ya lashi diddigenta.

"Ka gani, ya zol, mutumina!" Halliru ya tafa hannu. "Ga hanci, ga son yara. Kalas, shi ke nan, na zaɓa."

Hansatu tana tsaye a baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta lura da abin da mijinta bai lura da shi ba. Zafin nan da ake yi, duk karnukan sun zaro harshe suna haki, shi wannan bakinsa a rufe. Ƙudaje sun cika wurin, ko ɗaya bai sauka a kansa ba. Ita kuwa 'yar jar karyar ta lafe da katanga tana fitsari.

"Uwar yarinya ba ta ce komai ba," in ji Dogo, bai ko dube ta ba.

"Ita ba ta magana," Halliru ya ce, yana dariya.

Hansatu ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ta musa wa mijinta a gaban baƙon namiji?

Kwana uku karen ya yi a gidansu a unguwar Mayo. An ba shi kisira, wainar dawa, da miya, bai ci ba. An ba shi guntun naman agashe, bai shinshina ba. Bai yi haushi ko sau ɗaya ba. Yana kwance dai ƙarƙashin gadon igiyar da Wafa'a take kwana, hancinsa a saitin ƙafarta. Halliru yana ta yaba shi wurin maƙwabta, wai kare mai asali ba ya kwaɗayi.

Ciwon diddigen bai kame ba. Hansatu ta wanke ƙyallen sau uku da sabulu. Jinin 'yarta ya fita. Ɗaya tabon ya ƙi, kullum ja, kullum da danshi, yana ƙarni kamar yanzu aka zubar.

"Baban Wafa'a," ta ce a rana ta biyu, "karen nan..."

"Me ya yi?"

"Ba komai."

Rana ta uku, gab da magariba, Halliru yana Kalakla wurin wutarsa. Hansatu ta fita tsakar gida kwashe shanya. Ta ciro ƙyallen daga igiya, ya jiƙa mata yatsu. A lokacin ta ji gidan ya yi shiru.

Ta leƙa ɗaki. Babu Wafa'a. Babu kare.

Ƙofar langa-langa a buɗe. A kan yashi ga sawun yarinya, na dama cikakke, na hagu da ɗigon jini. Sawun kare babu.

Ta bi. Ko takalmi ba ta sa ba.

Ta wuce mai shayi tana kwashe kujeru, ta wuce famfon unguwa. Sawun ya gangara busasshen kwarin da ke bayan gidaje, inda ake zubar da shara. Hayaniyar gari ta yanke kamar an rufe tukunya. Babu kukan jaki, babu ƙarar raksha mai ƙafa uku. Sai ƙarni.

Ta hango su a gindin wata ƙaya.

Karen yana riƙe da bakin rigar Wafa'a. Yarinyar tsaye, idonta a buɗe, ba ta kuka. Gabansu Dogo ne a tsugune, daga Umdurman har nan, farar rigarsa tas. A cinyarsa wata barewa kwance tana numfashi sama-sama, ƙafar bayanta ta hagu tana ɗiga.

Ɗis. Ɗis.

"Kwana tara," ya ce a hankali. "Kwana tara 'yata tana zubar da jini."

Ya shafa wuyan barewar ya ci gaba.

"Mijinki ya harbe ta rana ta yi ja, lokacin da namu, mutanen ɓoye, suke fita kiwo. Ya kwashe jininta ya sa a aljihu. Na ce karena ya bi jinin ya kai ni ga mai harbin. Sai aka ba shi jini biyu a ƙyalle ɗaya."

Ya miƙa hannu wajen ƙafar Wafa'a. Hannun ya yi ta tsawo, shi bai motsa daga inda yake ba.

Can nesa, kamar daga ƙarƙashin ruwa, ladan ya fara kira.

"Baba!"

Hansatu ce. Ita kanta ba ta san muryarta tana da wannan ƙarfin ba.

"Baba, ba ita ta harba ba. Ga jinin 'yarka, na kawo maka. Na wanke, ya ƙi fita, naka ne."

Ta jefa ƙyallen. Ya faɗi tsakaninsu da nauyi kamar danyen nama.

Karen ya saki rigar.

Dogo ya ɗauki ƙyallen ya naɗa a ƙafar barewar. Ɗigar ta tsaya. Sai ya ɗago ya dubi Hansatu a karo na farko. Idanunsa irin na barewa ne, baƙi wuluk, babu fari.

"Ashe kina magana," ya ce. "Na tambaye ki ran nan."

Ta sunkuci 'yarta.

"Ki fita daga kwarin kafin ladan ya gama kiran. Abin da karena ya lasa kuwa, ya riga ya lasa."

Ta ruga. Kwalabe suna yankar tafin ƙafarta. Tana jan Ayatul Kursiyyu, iyakar rabin da ta iya, ta koma farko, ta sake komawa. Bayanta babu takun kowa, sai numfashi mai sanyi a diddigenta.

Ta haye gaɓa ladan yana la'ilaha illallah. Wafa'a ta fashe da kuka.

Ciwon ya kame a kwana biyu. Ƙafar ce ba ta sake miƙewa ba. Sun je asibiti sau uku, aka ce ba a ga komai ba. Halliru ya koma Umdurman neman karensa, ya tarar da kango, babu rufi, babu wanda ya san wani Dogo. Sai 'yar jar karyar nan a gindin katanga, ta rame, ta biyo shi har tasha. Ya kore ta, ta ƙi. Da ta iso gida Hansatu ta zuba mata ruwa a kwanon abincinsu, ba na kare ba, ba ta nemi izinin kowa ba.

Ta ba Halliru labari duka, ba ta rage komai ba. Ya daɗe yana kallon 'yarsa tana jan ƙafa zuwa wurin randa, karyar tana tafe a gefenta, tana jiranta in ta tsaya.

"To ke da kika ga duk wannan," ya ce, "ai da kin yi magana."

Hansatu ta dube shi cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Da ka ji?"

Halliru ya tashi ya ɗauki tiren agashensa ya fita, ko la'asar ba a yi ba.