Hotunan Kan Rufi

"Malam, wa ya ba ka izinin taɓa wannan wayar?"

Daga saman tsani ta jefo maganar, hannunta ɗaya riƙe da falwaya. Saurayin da ke ƙasa ya ɗago kai, hular kwanonsa ta kusa faɗuwa.

"Tamu ce, ranki ya daɗe. Faiba muke ja, sabuwar wayar intanet."

"Taku baƙa ce. Wannan mai jan ƙyalle ta babana ce, gida goma sha biyu ke kanta. Sake ta."

Ya sake ta da sauri, amma bai ɗauke idonsa ba. Ita ma, Allah ya sani, sai da ta ɗaure ƙusa ɗaya sau biyu.

Ita ce babbar 'yar mai ƙaramin kamfanin intanet na unguwar, wanda ya shekara tara yana kafa wa mutane faranti a kan rufi. Shi kuwa injiniya ne a katafaren kamfanin da ya shigo yana haƙa rami layi-layi. Kafin wata biyu ta zama 'Yar Sama a wayarsa, shi ya zama Ɗan Rami a tata. Duk rufin da ta hau sai ta tura masa hoto.

"Ɗan Rami, ga inda nake yau. Na hango ramukanku, ban hango ka ba."

"'Yar Sama, riƙe tsanin nan da kyau. In kin faɗo, zuciyata ce za ta karye."

Ranar da ta gaya wa Abba maganar saurayin, ko kallonta bai yi ba, ya ci gaba da kwance wata na'ura a kan teburin shago.

"Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki so sai mai haƙa mini kabari?"

Umma ce ta yi ta lallashi har ya ce zai duba. Sai ga abin da ya ɓata komai. Cikin mako guda 'yan tallan babban kamfanin suka bi gidajen kwastomomin Abba ɗaya bayan ɗaya, suna ba su wata uku kyauta. Ba sa ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, ba sa kuskuren gida, har da masu faranti a bayan tankin ruwa inda ba a gani daga titi. Gida talatin suka tafi.

"Wani ne ya ba su sunayen," in ji Abba. "Kuma na san ko wane ne."

Ta shige ɗaki ta rubuta wa Ɗan Rami: "Ka gaya mini gaskiya, da ni ka yi amfani?"

Sai da la'asar amsa ta zo.

"Wallahi ban sani ba sai yau. Wayar aiki ce nake amsa miki da ita. Duk hoton da ya shigo cikinta yana wucewa rumbun ofis, tare da wurin da aka ɗauke shi. Manajan talla ya tattara hotunanki ya yi taswira da su. Na yi masa tas a gaban kowa, amma aikin gama ya gama. Kada ki faɗa wa Abba komai. Gobe zan zo in ɗauki laifin."

Ta zauna daɓas a bakin gado. Ashe ita ce. Kowane "ga inda nake yau" gida ɗaya ne ta miƙa musu da hannunta.

Washegari ya zo shagon, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa tsakanin kwalaye da naɗaɗɗun wayoyi. Umma na tsaye jikin labule. 'Yar Sama kuwa tana bayan kantar shagon.

"Ta wayata aka samu gidajen, Baba. Sakacina ne."

"Wa ya ba ka su?"

Ya sunkuyar da kai. "Sakacina ne, Baba."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Ni ce, Abba." Ba ta san lokacin da maganar ta fito ba. "Ni na riƙa tura masa hotuna daga kan rufi. Bai taɓa roƙo na ko ɗaya ba."

Umma ta dafe ƙirji. "Ke! Hotunan me?"

"Na... na gaisuwa ne kawai, Umma."

"Gaisuwa mai cin gida talatin," in ji Abba. Babu wanda ya yi dariya.

Abba ya daɗe yana juya sukundireba a hannunsa. Can ya jawo kujera kusa da saurayin, ya sassauta murya.

"To, ji nan, yaro. Kana son ta?"

"Fiye da yadda zan iya faɗa, Baba."

"Abu ɗaya nake so. Wane layi za ku shiga wata mai zuwa, kuma a wane farashi? Ka faɗa mini in riga ku, yau ɗin nan in ba ka ita."

'Yar Sama ta san saurayin ya sani, shi ne ma yake zana hanyar ramin. Ta kafe shi da ido, ita kanta ba ta san amsar da take roƙo ba. Ya dube ta sau ɗaya, idonsa ya kaɗa.

"Baba, ka gafarce ni. Amana aka ba ni. In kana so in ajiye aikin, gobe zan ajiye, in zo in riƙa ɗaukar maka tsani. Amma ba zan fito da sirrinsu a aljihuna ba."

"Ko da za ka rasa ta?"

"Ko da... ko da haka ne."

Hawaye suka zubo mata. Ta juya za ta fice, sai ta ji ƙarar sukundireba a kan tebur.

"Dawo nan, sarkin hoto." Abba ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa. "Da ya faɗa, da ƙafarsa ba ta sake taka shagon nan ba. Wanda ya ƙi sayar da uban gidansa don mace, ba shi ya sayar da ni ba."

"Alhamdu lillahi," Umma ta faɗa a hankali, tana share ido da gefen mayafi.

"Kai kuma ba inda za ka ajiye aiki. Ka koma raminka, mu haɗu a layi. Gidajen nan talatin sai na dawo da su ɗaya-ɗaya, don in waya ta tsinke ni nake zuwa kafin azahar, ku sai an yi kwana uku ana kiran ku." Ya dubi 'yarsa, ya dubi saurayin da har yanzu ke durƙushe. "A kasuwa ba sani ba sabo. A gida kuwa, na ba ka ita. Ka turo manyanka a sa rana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."