Ranar da Lauje Ya Zauna a Ƙasa

Ranar da budurwar nan ta fara shigowa shagonsa, Tela yana fama ne da almakashin da ya faɗa ƙarƙashin keken ɗinki. Da yatsun ƙafa yake lalubensa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya dafe da tebur, yana cije leɓe. Shekara uku ke nan bayansa ya ƙi shi. Zaman keke tun ƙuruciya ya lanƙwasa shi, har maƙwabtan shago suka laƙaba masa Lauje, sunan kuwa ya bi shi.

Ta ajiye ledar yadinta, ta sunkuya ta ɗauko almakashin ta miƙa masa.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Nan da sati biyu kin samu."

"Ba ɗinkin ba, ciwon bayan nake nufi."

Ya so ya musa, sai dai idanun nata ba irin waɗanda ake yi wa ƙarya ba ne. Ta ce a sashen gashin ƙashi na asibiti take aiki, masu irin tsayuwarsa kuma kullum tana ganinsu.

"Ka zo likita ya duba ka. In ya amince, akwai ajin yoga na maza duk Asabar da safe."

"Yoga? Wannan da ake rataya ƙafa a wuya? Ranki ya daɗe, ni takalmina ma da sandar awo nake jawo shi."

Ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. Tela ya auna yadin nan sau uku, duk ukun bai riƙe lissafin ba.

Likita ya duba ya amince, Tela ya shiga ajin. Ashe babu mai rataya ƙafa a wuya. Numfashi ne a hankali, da miƙe gaɓoɓi kaɗan-kaɗan. Da yake ba ya iya kaiwa ƙasa, a kan dogon benci malamin ajin yake sa shi ya kwanta ya jawo gwiwa zuwa ƙirji, ko ya dafa bango ya gantsare baya ya sake, kamar kyanwar da ta tashi barci. Ita kuma ta ɗauki nauyin tunatarwa ta waya.

"Lauje, rabin awa ta cika. Tashi daga kan keken nan ka ja numfashi biyar."

"Na tashi, Likitata. Na shida na ja shi ne saboda ke."

"Ni ba likita ba ce, kuma ban da zaƙin baki. Ƙwaya nawa ka sha yau?"

"Ɗaya, daga huɗu. Saura ciwon da kika sa min, shi ba shi da ƙwaya."

Kafin wata huɗu Lauje ya zama Laujena, ta kuma yi masa iso wurin mahaifinta.

Baba tsohon shugaban makaranta ne. A kan darduma yake karɓar baƙi a falonsa, littattafai kewaye da shi. Kujera ɗaya ce tak a ɗakin, ta katako, rediyonsa da tabarau ke zama a kanta. Tela ya dubi darduma, ya ji bayansa ya amsa tun kafin ya gwada. Shi da ko salla a kan kujera yake yi, ina shi ina zaman ƙasa? Sai ya sauke rediyon da tabarau ɗin a hankali, ya zauna a kujerar, ya gaishe da Baba daga sama.

Baba ya amsa a taƙaice. Bayan fitar Tela ya kira 'yarsa.

"Mutumin da ya zauna saman kaina tun bai samu ba, in ya samu a ina zai zauna? Ga ɗan abokina mai kemis, yaro mai ladabi. Nan da wata biyu zan ba iyayensa amsa."

Mai kemis ɗin nan kuwa shagonsa na kallon na Tela, shi ke sayar masa da maganin ciwo. Ya san komai, amma ya ja bakinsa ya yi gum, ya ci gaba da zuwa yana naɗewa a gaban Baba kamar wasiƙa.

Washegari ta biyo ta shago, idanunta jajir.

"Ka bari in gaya wa Baba gaskiya."

"Don Allah kar ki faɗa. Na taɓa neman aure, da suka ji ciwon nan cewa suka yi ba za su kai 'yarsu jinya ba. Gara ya ce ina da girman kai da ya ce musaki ne ni."

"To ai girman kan ke nan," ta ce, ta ɗauki jakarta ta fita.

Kwana huɗu wayarsa ba ta yi ƙara ba. Ya ji tsoro ƙwarai, don ya san in ya rasa ta ba zai sake samun kamarta ba. A rana ta biyar ya roƙi malamin aji ya koya masa sauka ƙasa. Ya sayi tabarma ya shimfiɗa tsakanin keke da bango. Kullum kafin ya buɗe shago yakan dafa ƙarfen keken ya sauke gwiwa ɗaya, ya numfasa, ya sauke ɗayar. Wani lokaci ya yi gumi, wani lokaci ya yi ƙwalla.

Ran nan saƙonta ya shigo.

"Malam ya ce kana gaggawa. Inda ya yi zafi ka tsaya, ba kokawa ba ce. Har yanzu ina fushi."

"Na ji, na bi. Ki ci gaba da fushin, amma ta waya."

A sati na shida, da azahar, goshinsa ya taɓa ƙasa karon farko cikin shekara uku. Ya daɗe a sujadar nan yana kuka. Da ya idar ya rubuta mata: "Yau na yi salla a ƙasa." Amsar da ta zo gajera ce: "Alhamdu lillahi, Laujena. Na huce."

Saura kwana uku wa'adi ya cika ya koma wurin Baba. Ya yi sallama, ya wuce kujerar ko kallonta bai yi ba, ya sauke gwiwa ɗaya, ya sauke ɗaya, ya zauna a gefen darduma. Baba ya dube shi ta saman tabarau. Hira ta ɗan miƙe, aka taɓa sana'a, aka taɓa dangi, har kusan awa guda.

"To madalla," in ji Baba. "Ka je, zan yi tunani."

Tela ya kai hannu dama don ya dafa ƙarfen keke, ya damƙi iska. Sai a lokacin ya tuna. Wata biyu yana koyon sauka, amma tashi kullum da keke yake yi, keke kuwa yana shago. Ƙafafu sun yi tsami, baya ya ɗaure. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, gumi ya karyo masa.

"Akwai sauran magana ne?" Baba ya tambaya.

Ya sunkuyar da kai. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma babu sauran wurin ɓuya.

"Baba, don Allah ka ba ni hannu. Ba zan iya tashi ba."

Nan ya faɗi komai: ciwon, da kujerar ranar farko, da auren da ya taɓa rasawa, da tabarmar da ke shago. Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Wato wata biyu kana wahalar da kanka don ka zauna a gabana?"

"Eh, Baba."

"Kai kam akwai wauta. Da ka faɗa tun ranar, da ni da kaina zan sauke maka rediyon."

Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya miƙo hannu ya ɗago shi. Har bayan da Tela ya tsaya da ƙafafunsa ma Baba bai saki hannun ba.

"Ciwo ba abin kunya ba ne, ɗana. Ka turo manyanka."

A bayan labule wata ta saki numfashin da ta riƙe tun shigowarsa, ita da ke koya wa mutane kada su riƙe numfashi.

Ranar ɗaurin aure ango ya zauna a ƙasa cikin jama'a, sanye da rigar da ya ɗinka da hannunsa. Har mai kemis ya zo, ya yi addu'a da ƙarfi fiye da kowa. Da aka shafa, Baba ya matso ya raɗa masa: "Kar ka yi gaggawa, hannuna na kusa."

Tela ya yi murmushi. Ya kafa ƙafa ɗaya, ya ja numfashi, ya miƙe tsaye shi kaɗai. Sannan ya sunkuya ya miƙa wa surukinsa hannu, Baba kuwa ya kama.

Waya ta motsa a aljihunsa.

"An ce an ɗaura. Waye ya ɗaga wani?"

"Sirrin maza ne, amaryata. Amma ki tanadi tabarma biyu, Baba ya ce ranar Asabar zai biyo ni aji."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya kuma ƙara wa bayan ango lafiya.