Jirgin da Ya Dawo da Kayansa

Tun da aka kawo jiragen yaƙi filin jirgin Ambursa, Sa'ida ta daina zama wuri ɗaya. Tana cikin tsintar shinkafa a tsakar gidansu na Gwadangaji, da ƙara ta tsaga sama sai ta miƙe da faifai a hannu tana leƙe ta saman katanga. Innarta har ta gaji da yi mata tsiya, wai a kai mata kujera kan rufin kwano kowa ya huta.

Ba matuƙi take nema ba. Illo, saurayinta ɗan Argungu, ko sau ɗaya bai taɓa tashi sama ba. Sojan sama ne, amma aikinsa a ƙasa yake: shi ke ɗaura bama-bamai da rokoki a ƙarƙashin fikafikan jirgi, ya zare ƙusoshin kariya masu jan ƙyalle, ya koma gefe ya toshe kunne.

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Dikko dillalin shinkafa, mutumin da ko yankan kaza ba ya son tsayawa kallo. Gwaggo Baiwa, mai son a yi biki ko ta halin ƙaƙa, ta riga ta shafa masa cewa yaron bakanike ne, tayar jirgi kawai yake dubawa. Ana gobe Illo zai zo gaisuwa, Sa'ida ta kira shi a waya ta roƙe shi ya tsaya a kan wannan maganar. Ta yi lallashi, ta yi fushi, har da "plis" da ba ta saba ba.

"Sa'ida," in ji shi, "in munka ɗaura aure bisa ƙarya, ranar da tak kwance mi za mu riƙe?"

Washegari ta laɓe a bayan ƙofar zaure. Tana ji Illo ya faɗi aikinsa tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Malam Dikko ya yi masa tambaya guda.

"In kak ɗaura bom ɗin, ka san kan wa za shi hwaɗi?"

"Ban sani ba, Baba."

"To, ba ni ba ka ɗiyata."

Shi ke nan, taro ya watse. Sa'ida ta sha kuka har idonta ya kumbura, kuma duk haushinta a kan Illo ta sauke shi. Kalma ɗaya fa! Ta daina ɗaukar wayarsa. Shi kuwa bai yi zuciya ba, duk Juma'a sai ya aiko da gaisuwa da ƙullin bandar kifi daga gidansu. Malam Dikko ya ce kada a kuskura a saka masa a miya. Inna ta ce to, ta ci gaba da sakawa a tata tukunyar.

Ana cikin haka, da shinkafa ta fara nuna, mummunan labari ya zo. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen Bappa Tamba, ƙanin Malam Dikko, can bayan Argungu, sun tafi da mutane, har da 'yarsa Kulsumi, wadda suka tashi tare da Sa'ida a ɗaki ɗaya. Gidan duka aka kwasa zuwa Argungu, aka taru a babban gida ana jiran abin da Allah zai yi.

A nan ne ƙarar jirgi ta canza wa Sa'ida. Da hantsi jirage biyu suka wuce ta saman gulbi, suka nufi dajin da 'yan bindigar suka kai mutanen. Ta miƙe kamar kullum, sai ta koma ta zauna. Abin da ke rataye a ƙarƙashin fikafikan nan hannun Illo ne ya ɗaura shi, Kulsumi kuma tana can inda suka dosa. Tambayar mahaifinta, wadda ta ɗauka rigimar tsoho ce, ta dawo mata daram. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki buta ta ajiye, ta kunna waya ta kashe. Tsoro ta ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga son Illo yana nan bai ragu ba, ta rasa inda za ta sa kanta.

Washegari, sai ga Kulsumi masunta sun kawo ta a kwalekwale, ƙafafu duk ƙaya. Bayan ta sha ruwa ta ba da labari. Da 'yan bindigar suka ji jirgi, sai suka zaunar da su a fili tsakanin babura, don in za a saki wuta a haɗa da su. Ɗaya daga cikin jiragen ya yi ƙasa-ƙasa, ya zagaya, ya sake zagayawa, bai saki komai ba. Ƙarar kaɗai ta tarwatsa masu gadin, su kuma suka faɗa fadama da gudu.

Malam Dikko ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a kira masa yaron nan.

Illo bai iso ba sai bayan la'asar, hannunsa ɗaya naɗe da bandeji. Sa'ida ta koma bayan ƙofa, wurin aikinta. Ya ba da haƙurin jinkiri, ya ce sai da aka sallame shi daga aiki. Da aka tambaye shi abin da ya sami hannun, ya ce jirage sun dawo da kayansu cif, saukewa kuwa ta fi ɗaurawa haɗari: sai an mayar da kowace ƙusa wurinta kafin mutum ya yi numfashin kirki, ƙarfe kuma da zafinsa.

"Ka san ɗiyar ƙanena na ƙarƙashin jirgin nan?"

"Ban sani ba, Baba. Amsata ta rannan ba ta sake ba. Nikan yi addu'a in ɗaura. Amma ranar da jirgi yad dawo da kaya nai, wannan aikin ya fi min daɗi, ko da hannu za ya ƙone."

Tsohon ya dubi bandejin ya daɗe.

"Aikinka har gobe ba ni son shi," ya ce. "Amma da ka yi min ƙarya rannan, yau da mi zan yarda da wagga magana? Turo magabatanka."

Sa'ida ta zame ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba, kunya ta rufe ta. Amsar da ta so ya ɓoye, wadda ta yi watanni tana fushi a kanta, ita ce ta ba ta miji. Gwaggo Baiwa kuwa ta rangaɗa guɗa, tana cewa ai ita dama ta san yaron mai gaskiya ne.

An ɗaura aure bayan girbi. Gaskiya ta jinkirta musu biki, haƙuri ya kai su gare shi, kuma ba su shiga ɗaki da abin ɓoyo ba. Har yau Sa'ida takan miƙe in jirgi ya tashi daga Ambursa, sai dai yanzu ba ta komawa kan faifanta sai ta yi addu'a ga wanda ya ɗaura kayan da kuma waɗanda ke ƙarƙashinsu.