Baƙin da Tasi'u Ya Kira

Ku ajiye wayoyin nan. Kai Munzali, da kai nake, kife ta a ƙasa. Ana magana kun sunkuya kamar kaji a kan tsaba. Ba ku iya gaisuwa ba, ba ku iya sallama ba, sai danne-danne. Ku matso. Zan faɗa muku abin da ya sami Tasi'u, ɗan ƙanena. Ba ji na yi a bakin wani ba. Gida ɗaya muke.

Tasi'u tela ne, shagonsa na bakin kasuwa. Ba ya shaye-shaye, ba ya ɗauke-ɗauke. Abu ɗaya ya ci shi, wani wasan yaƙi na cikin waya. A wasan nan kowa yana zaɓar mutumin da zai zama. Akwai mai takobi, akwai mai baka. Shi sai ya zaɓi mai tayar da matattu, wanda ke kiran gawawwaki su fito daga ƙasa su yi masa faɗa.

Na ce, "Tasi'u, duk duniya ka rasa wanda za ka zama sai wannan?"

Ya yi dariya. "Goggo, zane ne fa. Hoto ne kawai."

"To," na ce.

A unguwarmu sabis ba ya kamawa sosai sai a kan tudu, tudun nan kuwa makabarta ce a kansa. In ya rufe shago bayan la'asar, sai ya je ya jingina da katangarta. Ko sallama ba ya yi wa na kwance. Yana nan har almuru.

Shi ya ba ni labarin ranar da abin ya faru, daga baya.

A wasan, in ka ci yaƙi ana ba ka maki, da makin kake sayen laƙani. Ranar ya tara goma. Laƙani uku ne a gabansa, ya rasa na zaɓa. Rana ta yi ja. Tsuntsaye sun yi shiru. Sai ya ji ƙanshin kafur.

Wani dattijo ne zaune kusa da shi. Bai ji zuwansa ba.

"Samari, me ake dubawa?"

Muryar a toshe take, kamar ta wanda aka cusa wa auduga a hanci. Tasi'u bai kula ba. Daɗi ma ya ji, yau ga babba yana tambayar wasansa. Ya karkata masa wayar.

"Baba, ka ga wannan na kira ne, su fito da yawa. Wannan na zama ne, su daɗe ba su watse ba. Wannan kuma na sallama, su koma ƙasa."

"Wanne ka fi so?"

"Abokaina sun ce na sallama asarar maki ne. Wa zai tara mayaƙa kuma ya kore su?"

"Sun yi gaskiya," in ji dattijon. "Zuba a kira."

Ya zuba bakwai.

"Sauran fa?"

"A zama."

"Ba ka bar wa sallama ko ɗaya ba."

"Ba na buƙata, Baba."

"Faɗa da bakinka."

Tasi'u ya yi dariya. "Su zo, su zauna."

Ya danna.

A lokacin hasken wayar ya sauka ƙasa. Ya ga ƙafafun dattijon. Manyan yatsun biyu a ɗaure suke wuri guda da farin ƙyalle. Kun san wa ake ɗaure wa yatsu haka.

Dattijon ya miƙe. Bai kwance ƙyallen ba. Bai ɗaga ƙafa ba, amma yana ta yin nisa.

"Sai mun zo," ya ce.

Tasi'u ya iso gida da takalmi ɗaya.

Ku ji ni da kyau. Matacce ba ya dawowa, wanda ya tafi ya tafi. Amma akwai masu zama a tsakanin kaburbura, masu aron kamanni. Ba ruwansu da ko wasa kake. Sun ji an kira, a bakin ƙofarsu, a lokacin fitarsu.

Washegari akuyata ta ƙi shiga zaure. Na ja, na doka, ta kafe. Na duba tabarmar da ke shimfiɗe a ciki. Jar laka ce a kanta, wuri uku, a jere, kamar inda mutane suka zauna. Na kakkaɓe. Da safe suka zama bakwai.

Tuwo ya riƙa tsami kafin ya huce. A shago, mai kawo ɗinki sai ya tsaya daga waje ya ce ciki ya cika, alhali Tasi'u ne kaɗai da kekensa. Shi kuwa a tsakar gida a karkace yake tafiya, yana raɓe-raɓe, kamar mai ratsa taron biki.

"Goggo," ya ce mini, "ba sa magana. Kallona kawai suke. Jira suke in ba su aiki."

"Ka sallame su mana."

"Ba ni da makin."

Ya koma wasan kamar mahaukaci, yana neman maki ɗaya tak. Amma ba a cin yaƙin sai an kira, kuma duk kiran da ya yi sai gida ya ƙara cika. Uwarsa Yelwa ta ga ɗanta yana ramewa da waya a hannu. Ta fizge ta, ta jefa a turmi, ta bi ta da taɓarya. Ban hana ta ba. Da ni ce ma haka zan yi.

Tasi'u ya durƙusa a gaban turmin. "Inna, kin rufe ƙofar."

Ya ari wayar abokinsa ya nemi mutumin nasa. Babu shi.

Mun yi hayaƙi. Mun ba shi rubutu ya sha. Mun yi sadakar waina Juma'a uku. Tabarma ba ta daina yin ja ba. Daga ƙarshe muka kira Malam Isiyaku, limamin unguwa. Ya tsaya a bakin zaure ya daɗe yana karatu. Bai shiga ba.

Ya ce, "Hajiya, wanda ya shigo da ƙarfi ana korarsa. Waɗannan gayyatar su aka yi. Baƙon da ka kira ba ka korarsa, rakiya kake masa."

"Yaya ake yi, Malam?"

"Kullum da almuru ya ɗauki ɗaya, daga ƙofar nan zuwa katangar. Da ya tsallake dokin ƙofa, ba magana, ba waiwaye. In ya yi fashin rana ɗaya, ko ya amsa wa wani, duk waɗanda ya raka za su dawo." Ya dubi Tasi'u. "Nawa ka kira?"

Wasan yana ƙirgawa, kuma ya riƙe adadin. "Dubu biyu da ɗari ɗaya da sittin."

Na ce, "Ai bakwai muke gani."

"Iya waɗanda tabarma ta ɗauka ke nan," in ji Malam.

Ya lissafa da yatsunsa. Shekara shida, saura kaɗan.

Haka aka fara. Ruwa ko iska, zazzaɓi ko lafiya, da rana ta yi ja sai ya fita, yana tafiya a gefen hanya, ya bar tsakiya ga wanda ba mu gani. Mutane su gaishe shi, ya wuce. Ba ya kwana a wani gari. Ba ya samun jam'in magariba. Don haka nake gaya muku, kada in ji ɗayanku ya bi hanyar tudun nan shi kaɗai, kuma kada bakinku ya kira abin da ba ku san yadda ake sallamarsa ba.

A shekara ta uku Yelwa ta kwanta. Ranar Laraba jikin ya yi tsanani. Tasi'u ya wuni a gefenta, yana ba ta ruwa da cokali. Da rana ta yi ja ta samu barci, sai ya lallaɓa ya tashi.

Ya tsallake dokin ƙofa ke nan ta buɗe ido.

"Tasi'u."

Ina kallon bayansa ta zaure. Ya tsaya cak.

"Tasi'u, zo."

Bai waiwayo ba. Rakiya dubu ya riga ya yi. Na buɗe baki, ban san me zan ce masa ba. In ce dawo? In ce tafi?

"Yaya, ba ya ji na ne?" ta tambaye ni.

"Yana ji," na ce.

Ta sake kira, a hankali. Ya ɗaga ƙafa ya tafi.

Ni na rufe mata ido. Da ya dawo ya tarar na ja mata zane har ka. Ya zauna a bakin ɗakin, bai yi kuka ba. Da safe aka kai ta tudun. Ya sa ta a kabari da hannunsa, ya dawo ya karɓi gaisuwa.

Da rana ta yi ja, ya tashi daga cikin masu zaman makoki, ya sa takalmansa.