Bokitin da Ba a Gwada Ba

Magariba ta kawo jiki lokacin da matar mai gwaji ta juye tafasasshen ruwa a sabon bokitin roba. Gindin bokitin ya saki kamar kitse a wuta, ruwan ya kwarara magudana. Ba wanda ya ƙone, amma gaban maigidan ya faɗi, don ya san bokitin.

Aikinsa a masana'anta shi ne ya sa samfurin kowace roba a tandun gwaji awa shida, ya ga ko za ta jure zafi. Ranar da aka buga waɗannan bokitai tandun ya lalace, motoci na jira, manaja na tsaye a kansa. Ya sa hannu cewa an gwada. Har ya ɗauko ɗaya ya kawo gida. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama.

Washegari duwatsu suka fara sauka a kan rufi. Kofunan roba suka riƙa lanƙwashewa ba wuta kusa. Rana ta uku 'yarsa ta faɗi, jikinta zafi rau, tana magana da muryar tsohuwa.

Malamin da aka kira ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wace ce ke?"

"Uwar yaron da aka ƙona a magudana," in ji aljanar da ke jikinta.

"Matar gidan ba da gangan ta yi ba."

"Ita ba ruwanta. Ta amince da bokiti, mu ma muka amince. A tambayi mai sa hannu."

Matar gidan ta juyo ta dubi mijinta. Kunya ta rufe shi, ya faɗi komai, kansa a ƙasa.

"Me zai sa ki bar yarinyar nan?" in ji malam.

"Nawa ɗan zai warke. Saura bokiti dubu huɗu a gidajen mutane, ana haɗa wa jarirai ruwan wanka a ciki. Ya sa a dawo da su."

"Za su kore ni," maigidan ya ce a hankali.

"To, in zauna."

Ya rantse zai sa a dawo da su. Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido ta kira babanta.

Da safe ya faɗa wa manaja gaskiya. Manaja ya jawo aljihun tebur ya miƙo masa wasiƙar da ta kwana biyar a ciki, haɗe da hoton ƙafafun wata jaririya a naɗe da bandeji. Uwar wannan jaririyar ba ta iya jifan rufi ba, takarda kawai ta rubuto.